Naira Casa'in: Gwamnati da Ɗakunan Kwanan Ɗalibai a Jami'o'in Nijeriya, 1948 zuwa 2012

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda gwamnati ta ɗaukar wa kanta nauyin samar wa ɗaliban jami'a wurin kwana mai rahusa, da kuma yadda nauyin ya zame daga kanta a hankali, ba tare da an taɓa zama an yanke shawarar sauke shi ba.

Asalin al'amarin daga Badun yake. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a a can cikin 1948, da ɗalibai 104, Turawan da suka tsara ta sun ɗauko fasalin tsofaffin jami'o'in Ingila ne, inda ake ganin zaman ɗalibi a cikin makaranta wani yanki ne na karatunsa. Saboda haka aka gina gidaje irin su Mellanby da Tedder da Kuti, kowane da ɗakin cin abincinsa da malamin da ke kula da shi. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ma wannan tafarki ta bi, kuma tana da hujjar da ta fi ta Badun ƙarfi. Samaru a wancan zamani ƙaramin gari ne mai nisa da birnin Zariya, ba shi da gidajen hayar da za su ɗauki baƙi, ga shi kuma yawancin ɗaliban 'ya'yan talakawa ne da suka zo daga larduna masu nisa bisa tallafin gwamnati. Game da 'yan mata kuwa, ba kowane uba ne zai yarda 'yarsa ta tafi karatu garin da bai san inda za ta kwana ba.

Tsarin ya yi kyau muddin ɗalibai ba su da yawa. To, amma a 1975, da kuɗin man fetur suka samu, sai Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'o'in Zariya da Ife, ta kuma aza harsashin waɗansu bakwai a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Ta soke kuɗin koyarwa. Watau ta gaji alkawarin da aka yi wa 'yan ɗaruruwa, ta shimfiɗa shi a kan dubbai, alhali kuwa kuɗin da ta dogara a kansu ba su da tabbas.

Ba a daɗe ba gaskiya ta yi halinta. A cikin 1978, da kuɗin mai suka ja baya, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dokta Jibril Aminu yake sakatarenta, ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin abinci, ta kuma mai da kuɗin ɗaki Naira 90 a shekarar karatu. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ƙi amincewa, ta nemi a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. A watan Afrilu aka harbe ɗalibi Akintunde Ojo a Ikko, sa'an nan sojoji suka buɗe wuta a Samaru, aka yi hasarar rayuka. Gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar, ba ta kuma janye ƙarin ba.

A ganina, a nan ne tarihin ya karkata, ko da yake masu nazari sun fi mai da hankali ga siyasar rikicin. Gwamnati ta ci nasara a 1978, amma ta tsorata. Daga nan babu wata gwamnati da ta ƙara son taɓa kuɗin ɗaki, sai Naira 90 ta tsaya cik a jami'o'in Tarayya har fiye da shekara ashirin, a lokacin da darajar Naira ta yi ta zubewa, musamman bayan gyaran tattalin arziki na 1986. Kuɗin da ɗalibi ke biya suka kasa ko da gyaran famfo, ita kuma gwamnati ba ta cike giɓin ba, balle ta gina sababbin gidaje daidai da yawan waɗanda ake ɗauka. Duk malamin da ya zauna a jami'a a waɗannan shekaru ya san abin da ya biyo baya: ɗakin mutum biyu ya koma na shida ko takwas, wanda ya sami gado yana sayar wa ɗan'uwansa da ninkin-ba-ninkin, sauran kuma suna ta neman haya a Samaru da makamantanta, inda mai gida ne ke yanka farashi. Arahar ta zauna a takarda kawai, ta amfani 'yan ƙalilan da suka yi sa'a.

An yi ƙoƙarin gyara ta hanya biyu. Ta farko ita ce Asusun Harajin Ilmi da aka kafa a 1993, bayan yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a ta 1992, wanda aka ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake masa doka, aka keɓe shi ga manyan makarantu. Sai dai galibin kuɗinsa sun tafi ne ga ɗakunan karatu da na bincike da horar da malamai. Ta biyu ita ce gayyatar 'yan kasuwa, tun zamanin mulkin Obasanjo na farar hula, su gina a filin jami'a, su karɓi haya na waɗansu shekaru, sa'an nan su miƙa ginin. Wannan ya ƙara gadaje, amma ɗan kasuwa tilas ya mai da uwar kuɗinsa, don haka farashin ya fi ƙarfin ainihin ɗalibin da aka ƙirƙiro tsarin dominsa tun farko.

A 2012 gwamnati ta naɗa kwamitin duba bukatun jami'o'i a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu. Da kwamitin ya ƙidaya gadajen da ke jami'o'in gwamnati, na Tarayya da na jihohi, sai ya tarar ba su isar wa fiye da kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma ba.