Malam Aminu Kano da Ma'anar 'Yanci: Darasi Gare Mu a Kudancin Kaduna

A filinmu na tarihi yau za mu waiwayi Malam Aminu Kano (1920–1983), mutumin da laccarsa ta koya wa talaka ɗaga kai ya yi tambaya.

A 1950, ana tsaka da fafutukar karɓar mulki daga hannun Turawa, Malam ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar. A 1953 ya zama shugabanta. Ɗan gidan malamai ne, don haka in ya hau mumbari sai ya kawo aya, ya bi ta da karin magana da barkwanci, har ɗan dako ya gane inda aka dosa.

Tunaninsa shi ne, tafiyar Bature kaɗai ba 'yanci ba ce. Idan Bature ya tafi ya bar En'e yadda take, da haraji da jangali da aikin tilas da kotun da mai mulki ke juyawa, to talaka ubangida kawai ya sauya. Mulkin kai a wurinsa shi ne jama'a su zaɓi shugabanninsu tun daga gunduma, su kuma iya tambayar inda kuɗin baitulmali ya shiga. Bai ware mata ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kan wannan aƙida, tun matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a.

Wannan magana ta shafi yankinmu kai tsaye. A wancan zamani daga Zariya ake turo hakimai zuwa Zangon Katab da Kaciya. Maƙwabtanmu Atyap da Bajju sun daɗe suna neman su mulki kansu, shi kuwa manomi Bahaushe harajin da ke cizonsu shi ke cizonsa. Ba mamaki da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka suka tsaya a ɓangare guda, cikin ƙawancen UPGA, a zaɓen 1964.

Wasu buƙatun sun biya daga baya. Bayan PRP ta Malam ta ci jihar Kaduna a 1979, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Masarautun Atyap da Bajju kuwa sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa su, bayan rikicin Zangon Katab na 1992 da ya ci rayuka masu yawa. Jinkirin sauraren koke ya jawo wa kowa asara.

Aikin bai ƙare ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, mu nawa ne muka taɓa tambayar kansilanmu abin da aka yi da kason mazaɓarmu? Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu ya mayar da kansa inda Malam ya ciro kakanninsa. Kuma 'yancin da muke so wa kanmu, wajibi ne mu so shi ga maƙwabcinmu, Musulmi ne ko Kirista.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya, Samarun Katab