Shekarar Malam Aminu a Landan

Jama'a masu saurare, ku dubi Landan ta 1946: yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, burodi ma sai da kati. Nan Malam Aminu Kano, malamin makaranta daga Bauchi, ya sauka don ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan. To, ba littafi kaɗai ya karanta ba. Baturen da a gida ake zubewa a gaishe shi, ga ɗan'uwansa nan yana shara, yana dako. Ga jam'iyyar Leba ta ma'aikata tana mulki, bayan talakawa sun kayar da Churchill da ƙuri'a. Ai dole tunani ya sauya! Da ya dawo, ya haɗa kan malaman Arewa cikin ƙungiya guda, daga baya kuma ya ja ragamar NEPU.