Giwa Mai Fukafukai: Tashi da Faɗuwar Nigeria Airways

Babu filin jirgin sama a Dutsin-Ma, babu a Kurfi. Duk da haka dattawan garuruwan nan biyu sun san Nigeria Airways sani na ƙwarai, domin a wurinsu shi ne jirgin Makka. Ɗan kasuwar Legas ya san kamfanin da tafiyar Landan, ma'aikacin gwamnati ya san shi da zirga-zirgar Kaduna da Legas. Manomi da malamin tsangaya da mai sayar da shanu a kasuwar Dutsin-Ma kuwa, sau ɗaya a rayuwa suke hawansa, bayan shekaru ana tara kuɗin kujera. A yi sallama da dangi, a hau mota ta Kankia da Bichi zuwa Kano, a yi kwanaki a sansanin alhazai ana sauraron kiran suna, sannan a taka matakalar jirgi mai launin kore da fari, da tambarin giwa mai fukafukai a jikinsa.

Sai an tuna yadda hajji take kafin zuwan jirgi za a gane girman wannan abu. Maniyyacin ƙasar Katsina yakan yi gabas ne ta Barno, ya ratsa Chadi da Darfur, ya yada zango ya yi ƙodago a gonakin Sudan har guzuri ya samu, sannan ya ƙetare Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce, kuma da yawa ba su dawo ba. Zuriyarsu na can Sudan da Hijaz har gobe. Attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata su ne suka fara tsara jigilar alhazai ta ƙungiyarsu ta WAPA, wadda unguwar 'yan canji ta Wapa ta gaji sunanta. Da motoci aka soma, aka koma shatar jirage. Kano kuwa ta daɗe da sanin jirgin sama: a watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a birnin daga Alƙahira, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa daga Khartoum.

Asalin Nigeria Airways na mulkin mallaka ne. A 1946 Turawan Ingila suka kafa kamfanin WAAC na haɗin gwiwar Najeriya, Gold Coast, Saliyo da Gambiya, da 'yan ƙananan jirage ƙirar Dove. Da Ghana ta sami 'yanci a 1957 sai ta ware ta kafa nata. Ranar 1 ga Oktoba 1958 reshen Najeriya ya fara aiki da kansa, gwamnati na da kashi 51 cikin ɗari, sauran na hannun kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da kamfanin BOAC na Ingila. A 1961 gwamnati ta saye hannayen jarinsu duka, ko da yake sai a 1971 sunan Nigeria Airways ya tabbata a hukumance.

Da farko dai hanyar Landan da jirage da matuƙan BOAC ake yinta. A cikin gida kuma tsofaffin DC-3 ne ke aiki, har zuwa 1963 da aka kawo Fokker F27 masu farfela daga Holan, waɗanda suka riƙa haɗa Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Maiduguri. Ɗaya daga cikinsu ne aka karkatar zuwa Enugu a watan Afrilu na 1967, ana dab da yaƙin basasa. Abin da ya fi muhimmanci a shekarun nan, a ganina, shi ne makarantar koyon tuƙin jirgi da aka kafa a Zariya a 1964. Jirgi ana sayensa da kuɗi a rana ɗaya, amma matuƙi da injiniya sai an shekara da shekaru ana rainonsu, kuma kamfanin ya raini ɗaruruwansu.

Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya ɗaga kamfanin sama. Boeing 707 ta zo a 1971, sai Fokker F28 da Boeing 737 da 727 na hanyoyin gida da Afirka ta Yamma, da babbar DC-10 a 1976. Airbus A310 guda huɗu sun biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. A ganiyarsa kamfanin na da jirage wajen talatin, yana zuwa Landan, Rum, Amsterdam, New York, Jidda, Nairobi, Abidjan da Dakar. Har ma DC-10 ta ƙarshe da masana'antar McDonnell Douglas ta ƙera, Nigeria Airways aka miƙa wa ita a 1989.

A daidai wannan lokaci hajji ta bunƙasa fiye da yadda aka taɓa gani. Gwamnatin soja ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 'yan Najeriya fiye da dubu ɗari suka sauke farali. Laƙabin Alhaji da Hajiya, wanda a dā sai an tona kafin a sami mai shi a ƙauye guda, ya shiga gidajen talakawa. Haƙorin Makka, akwatin ƙarfe, rediyo mai kaset, darduma da jarkar zamzam suka zama kayan da ake tarba da kiɗa da walima. Sai dai kwashe mutane masu yawan haka cikin makonni kaɗan ya fi ƙarfin jiragen kamfanin, don haka kowace shekara sai ya yi hayar jirage daga waje, wani lokaci tare da matuƙansu. Manyan musibu biyu da suka fi taɓa Arewa duk a irin waɗannan jirage na haya suka auku.

Ta farko ranar 22 ga Janairu 1973 ce. Boeing 707 ta kamfanin Alia na Jordan ta ɗebo alhazai daga Jidda za ta Legas, yanayi ya ɓaci aka juyo da ita Kano, lokacin hunturu. Wajen sauka ƙafarta ta karye, wuta ta tashi, mutum 176 cikin 202 suka rasu. Ta biyu ta faru ranar 11 ga Yuli 1991, lokacin da DC-8 ta kamfanin Nationair na Kanada ta tashi daga Jidda za ta Sakkwato. Binciken da aka yi ya nuna iskar tayoyinta ba ta cika ba, kuma an san da haka, amma aka ƙi tsayawa don kada a makara. Tayoyin suka fashe tun a kan titin tashi, aka naɗe su cikin jirgin suna ci da wuta. Matuƙan sun juyo don su sauka, ba su kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu, ya karɓi hajjinsu. Mun yi imani da ƙaddara, amma imanin bai ɗauke wa kowa alhakin sa wa taya iska ba, kuma wanda ya ɗauko hayar jirgi ya zuba bayin Allah a ciki, amanarsu na wuyansa.

Kamfanin ya shiga labaran duniya ta wasu ƙofofin ma. A watan Yuli na 1984, Boeing 707 ɗinsa ce ke jira a filin Stansted lokacin da jami'an kwastan na Ingila suka buɗe akwati suka tarar da tsohon minista Alhaji Umaru Dikko a sume. A watan Oktoba na 1993 kuma wasu samari huɗu masu adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni suka karkatar da A310 mai zuwa Abuja, ta sauka a Yamai, har sai da sojojin Nijar suka kutsa cikinta bayan kwanaki.

Ba haɗari ba ne ya kashe Nigeria Airways, ba kuma gasa kaɗai ba. Daga ciki aka cinye shi. Kusan kowace gwamnati da nata shugaban kamfanin, wani ma bai gama sanin ofis ba an sauke shi. Ma'aikata sun fi ƙarfin aikin, hukumomin gwamnati na hawa bashi ba sa biya, ana sayar da tikiti fiye da kujeru har fasinjoji su riƙa tsere a guje zuwa bakin jirgi. An ɗauko kamfanin KLM na Holan a 1979 ya riƙe ragamar shekara biyu, aka ga sauƙi, yana tafiya aka koma gidan jiya. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyara da ake saye da dala suka gagara. A 1987 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta dakatar da shi daga tsarin biyan kuɗi na tsakanin kamfanoni saboda bashi. Jiragen da aka kai gyara Turai suka maƙale a can, na gida kuma aka riƙa cire wa wannan ana liƙa wa wancan. Kwamitin Mai Shari'a Obiora Nwazota da gwamnatin Obasanjo ta naɗa ya tono almundahana mai yawa, amma kamfanin ya riga ya yi nisa. A 2003 ya daina tashi, a 2004 aka shiga sayar da kadarorinsa.

Aikin alhazai bai tsaya ba, 'yan kasuwar Arewa suka ɗauka. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a Kano a 1980, ya yi shekaru yana jigila da Boeing 747, daga baya Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, ɗan Katsina, ya shigo. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 da inganta filin jirgin da yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, tashi daga gida ya samu, hukumar alhazai ta NAHCON da aka kafa a 2006 ke raba wa kamfanoni kujeru.

Yunƙurin maye gurbin kamfanin na ƙasa kuwa bai yi albarka ba. Virgin Nigeria ya fara tashi a 2005, ya sauya suna sau biyu, ya durƙushe a 2012 da sunan Air Nigeria. A watan Yuli na 2018 ƙaramin ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika, shi ma Bakatsine, ya ƙaddamar da sunan Nigeria Air a baje kolin Farnborough na Ingila. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi ɗaya na Ethiopian Airlines da fentin sabon kamfanin aka nuna a Abuja. Bai taɓa ɗaukar fasinja da wannan suna ba, kuma a 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin na Habasha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makomar ma'aikatan. Dubban matuƙa, injiniyoyi, masu hidimar fasinja da 'yan dako aka sallama ba tare da cikakken haƙƙinsu ba, suka yi ta zarya tsakanin ma'aikatu da Majalisa. Sai a 2018, shekara goma sha biyar bayan rufe kamfanin, gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a fitar da sama da naira biliyan 22, kimanin rabin abin da suke bi. Da yawansu sun rasu kafin ranar, magada ne suka je layin tantancewa da takardunsu.