Tarihin Wasan MUD, da Yadda Za Ka Raɗa wa Muƙalarsa Suna a Wikipedia ta Hausa

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, tarihi za mu ɗan leƙa, amma tarihi ne mai darasin aiki a ƙarshe. Ka ɗauka kana zaune a Batsari ko Safana da wayarka, ka buɗe Wikipedia ta Hausa, kana son rubuta muƙala kan wani tsohon wasan intanet da ake kira MUD. Kafin ka rubuta jimla ko ɗaya akwai gurbin da dole ka cike, wato sunan muƙalar. Za ka ga kamar ƙaramin abu ne, amma shi zai sa mai bincike ya tarar da aikinka ko ya wuce bai san da shi ba.

To wai mene ne MUD ɗin? Wasa ne da babu hoto a cikinsa, babu bidiyo, rubutu ne zalla. Kwamfuta za ta rubuto maka cewa kana tsaye a bakin daji, ga hanya ta yi arewa, ga fitila a ƙasa. Kai kuma ka rubuta umarni: ɗauki fitila, yi arewa, duba. Sai ta rubuto maka abin da ya biyo baya. Kamar tatsuniya ce, sai dai kai ma kana cikin labarin, kuma ba kai kaɗai ba. Wasu mutane daga wasu garuruwa suna cikin dajin nan a lokaci guda, kuna iya gaisawa, ku haɗa kai, ko ku gwabza. Idan ka yi zamanin 2go a kan ƙananan wayoyin Nokia, lokacin da ake shiga ɗakunan hira da rubutu kawai, to ka riga ka san rabin yanayin. Ka ƙara wa ɗakunan nan taswira da dodanni da dukiyar da ake nema, ka samu MUD.

Asalin abin ya faro ne daga Amurka. A wajen 1976 wani mai tsara manhaja, Will Crowther, ya rubuta wasan rubutu na mutum ɗaya da aka sani da Colossal Cave Adventure, ya gina shi kan wani kogo na gaske a jihar Kentucky. A 1977 Don Woods ya faɗaɗa shi. A shekarar nan kuma wasu matasa a jami'ar MIT suka yi nasu mai suna Zork. Daga baya suka sauya masa suna zuwa Dungeon, kalmar da ke nufin kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin TSR, mai wasan Dungeons & Dragons, ya nuna bai yarda ba, sai suka koma wa Zork. Amma kafin nan wani kwafin wasan ya riga ya bazu a kwamfutocin jami'o'i da sunan Dungeon.

Wannan kwafin ne ya isa Ingila. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wasa irinsa a kan babbar kwamfutar makarantar ƙirar PDP-10, amma wanda mutane da yawa za su shiga tare. Ya kira shi Multi-User Dungeon, a taƙaice MUD, don girmama wancan wasa na Dungeon da ya ji daɗinsa. A 1980 ya miƙa aikin ga abokin karatunsa Richard Bartle, wanda ya faɗaɗa duniyar wasan ƙwarai. A shekarar ce kuma aka samu damar shiga wasan ta ARPANET, wadda ita ce kakar intanet ɗin da kake amfani da shi yau. Ka lura da kyau: harafin D ɗin nan sunan wani wasa ne aka aro, ba wai labarin fursuna ake bayarwa ba.

Daga nan sai 'ya'ya da jikoki. AberMUD ya fito a 1987 daga Aberystwyth, kuma Alan Cox da ya rubuta shi daga baya ya yi suna a aikin Linux. A 1989 James Aspnes ya fitar da TinyMUD, wanda ya fi karkata ga hira da gina ɗakuna fiye da faɗa, Lars Pensjö kuma ya fitar da LPMud a Suwidin. A farkon shekarun 1990 ɗalibai a Jami'ar Kopenhagen suka saki DikuMUD. Sunan wasa ɗaya ya koma sunan jinsin wasanni gaba ɗaya, kamar yadda a kasuwa ake kiran kowane garin wanki Omo, kowane dunƙulen miya Maggi.

A nan rikicin suna ya taso. Waɗanda wasanninsu na hira ne suka ce kalmar kurkuku ba ta dace da su ba, sai wasu suka riƙa fassara D ɗin da Dimension ko Domain. Wasu suka fito da nasu sunayen, MUSH da MOO da MUCK, har aka riƙa rubuta MU da alamar tauraro don a haɗe su duka. Shi kansa wasan farko, da aka kai shi dandalin CompuServe a Amurka, British Legends aka kira shi, yau kuma MUD1 ake ce masa don a bambanta shi da jinsin. Ga kuma wata matsalar: a Turanci kalmar mud taɓo take nufi. Duk mai rubuta insakulofidiya sai ya raba shafin taɓo da shafin wasa. Wasannin ba ƙananan abu ba ne kuwa, domin daga zuriyarsu aka samu Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999 da World of Warcraft a 2004, waɗanda suka ɗora hoto a kan tsarin da MUD ya shimfiɗa.

Yanzu mu dawo gida. Hausa ma tana da nata dogon tarihin raɗa wa baƙon abu suna. Tun daga Hukumar Fassara da ta yi aiki a Zariya a shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, zuwa gidajen rediyo, hanya biyu ake bi. Ko a ɗauki kalmar a lanƙwasa ta da bakin Hausa, kamar mota da rediyo da kwamfuta da intanet. Ko a ƙirƙiro bayani, kamar jirgin sama, Majalisar Ɗinkin Duniya, na'ura mai ƙwaƙwalwa, yanar gizo. Wani lokaci ƙirƙirar ce ke yin nasara: ba wanda ke neman wani suna ga jirgin sama. Wani lokaci aron ne: a shagon gyara, kwamfuta za ka ji ana cewa. Bakin jama'a ne alƙali.

To wanne za ka ɗauka ga wasanmu? Bari mu auna uku. Na farko, fassara kai tsaye: "Kurkukun Mutane da Yawa". Wallahi duk wanda ya ga wannan zai zaci labarin cunkoso a gidan yari ne, kuma tarihin da ka karanta a sama ya nuna ma'anar ba ta nan. Na biyu, bayani: "Wasan rubutu na intanet na mutane da yawa". Ya faɗi gaskiya, amma ba suna ba ne, kuma ba wanda zai rubuta wannan doguwar jimla a gurbin bincike. Na uku, "MUD" kawai. Shi ne sunan da masu wasan ke amfani da shi tun 1978, shi ne wanda matashi zai ci karo da shi a YouTube ko a wani rubutu ya zo nema, kuma a Hausa bai yi karo da wata kalma ba, tunda mu taɓo muke cewa. Matsalar da ta dami Turawa ba ta shafe mu ba. Shawarata ka ɗauki na uku, sannan bayanin nan na biyu ya zama jimlar farko ta muƙalar, tare da cikakken sunan da inda D ɗin ya samo asali.

Kada ka ce ai wannan rigimar Turawa ce. Dubi Ƙanƙara, da ke kudu da Ɗanmusa: sunan gari ne, kuma sunan abin da ke sanyaya ruwa ne. Dubi dara: wasa ne da ake yi a ƙasa da 'yan itace ko duwatsu, kuma jar hula ce. Irin waɗannan su ne ke buƙatar ƙarin kalma a baka, kamar "Dara (wasa)". Batsari da Safana kansu kowanne sunan gari ne kuma sunan ƙaramar hukuma, don haka mai rubutu ya fayyace wanne yake nufi. Ga kuma Dutsin-Ma da ake rubutawa Dutsinma ko Dutsin Ma, da Ruma da wasu ke ƙara wa h a ƙarshe. Sai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ba kowa ke da su a kibod ɗinsa ba, ga 'yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ inda muke rubuta 'y.

Maganin duk wannan shi ne shafin turawa. Bayan ka zaɓi suna ɗaya, ka buɗe sabon shafi da kowane suna da mutum zai iya nema, ka rubuta #REDIRECT a ciki, sai sunan ainihin muƙalar a tsakanin baka mai kusurwa biyu-biyu, ka adana. Wanda ya rubuta Multi-User Dungeon zai faɗo kan MUD, wanda ya rubuta Kankara babu ƙugiya zai isa inda ya nufa. Kafin ka fara kuma ka bincika da rubutu iri-iri ko wani ya riga ka, don kada a samu muƙala biyu kan abu ɗaya. Idan ka tarar da ita da sunan da bai yi maka ba, ka faɗi hujjarka a shafin tattaunawa, a sauya sunan ta hanyar da Wikipedia ta tanada. Kada ka kwafe rubutun ka manna a sabon shafi, domin hakan na raba shi da tarihin waɗanda suka yi wahalar rubuta shi. A ƙarshe ka haɗa muƙalar da Wikidata, ta yadda za ta jone da takwarorinta na sauran harsuna ko da sunayensu sun bambanta.

Mutanen yammacin Katsina sun san darajar sabis. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ana tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya. Ko yau akwai ƙauyukan da sai an nemi tudu kafin shafi ya buɗe. Mai irin wannan sabis, da 'yar datar da ya saya da ƙyar, ba zai yi bincike sau biyar ba. Sau ɗaya zai rubuta, in bai gani ba ya rufe. Shi za ka tuna duk lokacin da kake cike gurbin suna, ko muƙalar ta MUD ce ko ta garinku.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya zaunar da yankunanmu lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.