Tarihin Nasiha da Kwantar da Hankali a Gabashin Sakkwato

A ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo, mai damuwa ya saba kai kukansa wurin malami, dattijo ko gwaggo, a saurare shi, a ba shi haƙuri da shawara. Kafin jihadin 1804, mata da yawa sun dogara da bori wajen neman sauƙin ciwon zuciya da taɓin hankali.

Bayan jihadin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗi kuma ya rasu a can a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa 'Yan Taru, inda ta naɗa mata dattijai da ake kira jaji, tana ba su malfa. Waɗannan mata kan kewaya ƙauyuka suna karantar da mata, suna sasanta rigingimun aure, suna rarrashin waɗanda aka yi wa rasuwa. Wannan tsari ya rage kaɗaici, ya ba mace wurin amayar da abin da ke cinta a rai.

Zaman makoki da sulhun da limamai da masu unguwanni ke yi sun ci gaba da wannan aiki. A yau, masu larurar da ta fi ƙarfin nasiha ana kai su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958.