Passé simple: sigar Faransanci da ta bar baki ta koma takarda



Duk wanda ya zauna a bencin lakwal a Damagaram, Maraɗi, Garwa ko Njamaina ya san wahalar darasin da ake kira passé simple, wato sigar aikatau ta shuɗaɗɗen lokaci wadda Faransawa ke rubuta labari da tarihi da ita. Yaro zai haddace être, a ce masa shuɗaɗɗensa il fut. Ya haddace naître, a ce il naquit. Ya zo kan vivre, a ce il vécut. Sai ya ɗauka an shirya abin ne don a ba shi wuya a dikte. Alhali kowane ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi yana da asalin da ya gada.

Faransanci ɗa ne ga Latinanci, harshen Rumawa, wanda ya bazu a ƙasar Gol bayan Julius Kaisar ya ci ta da yaƙi tun daga shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Latinanci, aikatau masu yawa sukan canza gindinsu idan za a faɗi abin da ya wuce. Daga fui aka samu je fus, na kasance. Daga habui aka samu j'eus, na samu. Daga feci aka samu je fis, na yi. Daga vidi kuma je vis, na gani. Baki ya yi ta tauna kalmomin ƙarni bayan ƙarni har suka gajarce, amma tsohon gindin bai tafi ba. Wanda ya karanci Sarfu ba zai yi mamaki ba, domin ya san yadda ƙala take komawa ƙultu saboda harafin illa da ke cikinta.

Da an gane haka, haddar takan yi sauƙi, domin aikatau marasa bin ƙa'ida kusan duk suna cikin gidaje uku. Gidan farko na masu ƙarewa da -is ne, kamar je pris, je mis, je dis. Na biyu na masu -us, kamar je sus, je pus, je voulus. Na uku ƙarami ne, na venir da tenir da danginsu: je vins, je tins. Idan ka san gidan, sauran sigogin suna biyo baya a jere: il prit, nous prîmes, ils prirent.

A zamanin da, Faransawa suna furta wannan siga a hirarsu. A ƙarni na 16 masana nahawu, cikinsu har da Henri Estienne, suka kawo dokar cewa ba a amfani da ita sai ga abin da ya kwana. Abin da ya faru yau kuwa sai a faɗe shi da passé composé. Sannu a hankali passé composé ta mamaye magana baki ɗaya, ita kuwa passé simple ta tsira a littattafai da makarantu. A 1842 Bescherelle ya fitar da littafinsa na jadawalin aikatau, wanda sunansa ke kan littafin da ɗalibai ke riƙewa har gobe. A 1942 kuma Albert Camus ya fitar da L'Étranger, wanda ya rubuta kusan duka da passé composé, abin da ya ja hankali domin ya saɓa wa al'adar marubuta.

Bahaushe yana da irin wannan rabo a harshensa. Idan yana ba da rahoton abin da ya faru sai ya ce "sun zo". Idan kuwa yana jera labari, sai ya ce "suka zo, suka zauna, suka ci". Aikin da "suka" take yi a tatsuniya da tarihi shi ne kusan aikin passé simple: tana tura labari gaba, mataki bayan mataki. Malamin da ya fara da wannan kwatanci ya rage wa ɗalibinsa rabin wahala.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wannan abin farin ciki ne, amma bai shafe takardun da aka riga aka rubuta ba. Labarin ɓarnar rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rubuce-rubucen Boubou Hama, da littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani na 1980, duk da Faransanci suke, kuma galibin irin waɗannan rubuce-rubuce da wannan siga suke zuba labari. Mai fassara su zuwa Hausa dole ya bambance je vis na gani da je vis na rayuwa, ya bambance il crut, ya gaskata, da il crût, ya girma. Idan ya kasa, tarihin kakanninmu zai iso ga jikokinmu a karkace.

Saboda haka, iyaye da malamai, kada mu bar yara su tsallake wannan babi don ba a jin sa a kasuwa. Muna buƙatar waɗanda za su kwaso abin da ke cikin waɗannan takardu su mayar da shi harshenmu daidai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.