Ganima Da Amana

Tun zamanin da, in an ci gari da yaƙi, abin da ke cikinsa ya zama ganima. Mai nasara ya kwashi abin da ya ga dama, abin da ya fi ƙarfin ɗauka kuwa ya sa masa wuta. To, amma cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, aka sami waɗansu sojoji da aka ba su wani aiki dabam. Su ne aka ɗora wa tsaron tsofaffin gine-gine da littattafai da zane-zane kada yaƙi ya cinye su, da kuma nemo waɗanda aka sace a mayar wa masu su.

Ya kai mai karatu, ka san littafin da aka buga a inji, in ya ƙone sai a sake buga wani. Amma wanda malami ya rubuta da hannunsa shekara 500 da suka wuce, in ya ƙone, shi ke nan, har abada. Haka zanen gwanin da ya daɗe da mutuwa, haka ginin da kakanni suka bari. Da irin waɗannan ne al'umma ke sanin inda ta fito.

Shi Hitila tun yana saurayi ya so ya zama mai zane, ya nemi shiga makarantar zane ta birnin Biyana sau biyu, ba a karɓe shi ba. Da ya sami mulkin Jamus sai ya ƙudura zai gina babban gidan ajiye kayan fasaha a Linz, garin da ya yi ƙuruciya. Saboda haka duk ƙasar da sojojinsa suka ci, sai mutanensa su bi gidaje da majami'u suna kwashe kaya. Yahudawa su suka fi kowa shan wannan wuya, gama an raba su da dukiya, an kuma raba su da rai.

Cikin 1943 Shugaba Roosevelt na Amurka ya kafa wani kwamiti don wannan al'amari, aka kuma buɗe wani sashe na musamman cikin rundunar Amurka da Ingila. Ba samari majiya ƙarfi aka nema ba. Malaman jami'a aka ɗauka, da masu tsara gini, da ma'aikatan gidajen ajiye kayan tarihi, da masu gyaran tsofaffin zane-zane irin George Stout. Aka laƙaba musu suna Monuments Men, watau masu gadin kayan tarihi. Dukansu, maza da mata, ba su wuce kimanin 350 ba, daga ƙasashe fiye da 10, waɗanda ke bakin daga kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Sau da yawa ko mota ba su da ita, sai su roƙi a rage musu hanya.

Ran 29 ga Disamba 1943 Janar Eisenhower ya aika wa hafsoshinsa takarda. Ya ce in ya zama tilas a zaɓa tsakanin ran soja da gini, to, ran soja ne gaba. Amma ya gargaɗe su kada wani ya fake da lalurar yaƙi ya rushe abin da ganda ce kawai ta hana shi kewayewa. Duk da haka ba a tsira ba. Ran 15 ga Fabrairu 1944 jiragen Amurka suka ragargaza gidan ibada na Monte Cassino a Italiya, wanda aka kafa tun wajen shekara ta 529, don ana zaton Jamusawa na ciki. Ashe ba su ciki, sai bayan an rushe shi suka shiga kangon suka kafa bindigogi.

A birnin Faris kuwa akwai wata mace, Rose Valland, ma'aikaciyar wani gidan zane-zane wanda Jamusawa suka mayar rumbun kayan sata. Tana jin Jamusanci, amma ba ta taɓa nuna musu ba. Shekara huɗu tana rubuta abin da ya shigo, da na wane ne, da inda aka nufa da shi. Da sun gane, da ranta ya tafi. Bayan an ƙwato Faris cikin 1944 ta ba wani hafsan Amurka, James Rorimer, abin da ta tara, shi ya kai shi ga dubban kaya a fadar Neuschwanstein ta kudancin Jamus.

Babbar ma'ajiyar Hitila kuwa, ciwon haƙori ne ya tona ta. Wani Kyaftin Robert Posey ya je wurin likitan haƙori a garin Trier, suna hira likitan ya ce ai surukinsa ma masanin zane-zane ne. Da aka kai shi, sai ga mutumin ya yi aiki da masu kwasar kayan a Faransa, shi ya nuna musu ramin gishiri na Altaussee cikin duwatsun Ostiriya. An zaɓi wurin ne don bom ba ya isa can, sanyi da laimar ciki kuma ba su sakewa rani da damina, don haka zane ba ya lalacewa. Da mai mulkin lardin, Eigruber, ya ga yaƙi ya juya, sai ya sa aka shigar da bom 8, kowane kilo 500, cikin akwatuna da aka rubuta wai dutsen ado ne. Mahaƙan gishiri, waɗanda ramin ne abincinsu, suka fitar da su a ɓoye, aka toshe ƙofofin. Cikin watan Mayu 1945 Posey da abokin aikinsa Lincoln Kirstein suka kutsa da fitila, suka tarar da zane wajen 6,500, har da babban allon majami'ar Ghent ta Beljiyam wanda aka gama tun 1432. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Aikin bai tafi kyauta ba. Ronald Balfour, Baturen Ingila, harsashin igwa ya kashe shi a garin Kleve cikin Maris 1945 yana ƙoƙarin fitar da kayan wata majami'a. Walter Huchthausen na Amurka kuma aka harbe shi cikin Afrilu. Duka biyu a ƙasar Jamus suka mutu, suna tsaron kayan abokan gabansu.

Babbar jarrabawa sai bayan yaƙi ta zo. Cikin Nuwamba 1945 aka aiko umurni zuwa Wiesbaden, inda ake tara kaya, cewa a ɗauki zane 202 na gidajen tarihin Jamus a kai Amurka, wai don a adana su. Kyaftin Walter Farmer ya tara 'yan'uwansa, fiye da 20 daga cikinsu suka sa hannu a takardar ƙin yarda, ran 7 ga watan. Suka ce Jamusawa ma da sunan adanawa suka kwashi na mutane, kuma ba abin da ke daɗewa a zuciyar al'umma kamar a ɗauke mata gadonta. Da yake su sojoji ne, suka bi umurni, aka tafi da kayan. Amma maganarsu ta bazu, ta kuwa yi nauyi, kafin ƙarshen 1949 duk an mayar da su Jamus.

Zuwa 1951 abin da aka mayar wa masu shi ya kai kimanin miliyan 5, littattafai da zane-zane da sauransu, ko da yake akwai da yawa da har yanzu ba a gan su ba. Ran 14 ga Mayu 1954 kuma ƙasashe suka taru a birnin Hague na Holan suka ƙulla alkawarin tsare kayan tarihi lokacin yaƙi. Suka yarda a riƙa sa alamar garkuwa mai shuɗi da fari jikin irin waɗannan wurare, kowace runduna kuma ta tanadi masana wannan aiki tun ana zaman lafiya.

Waɗannan mutane sun sami dukiyar da ba mai iya ƙiyasta ta, a lokacin da masu ita ba su da ƙarfin tambaya. Da sun kira ta ganima, ba wanda zai hana su. Suka kira ta amana, suka mayar. Allah ya sa mu ma mu riƙe abin da magabata suka bar mana, mu miƙa shi ga na baya lafiya, amin.